Rimot Biyu, Jirgi Ɗaya

Shafi na 23

Masu cigiyata, ban ɓace ba. Bayana ne ya riƙe a wajen ɗaukar abin da ko jikana zai ɗauka da hannu ɗaya. Ita kuma baiwar Allahn da ta rubuto cewa duk ranar da Kyaftin ya gano gaskiya za ta daina karatu, to mu yi sallama tun yanzu. Ya gano.

*

Tun daga bakin ƙofar shagon kafintan Auta ya san safiyar Asabar ɗin nan ba lafiya ba. Rediyo a kashe take. Yayansa, wanda duk masu tashin ƙananan jirage a bakin dam suke kira Kyaftin, bai taɓa zama a shago ba rediyo ba, ko da kuwa shuuu kawai take yi.

Zalɓe na kan teburin aiki. Jirgi ne ruwan toka, faɗin fuka-fukinsa ya kai hannayen babban mutum a buɗe, takalmansa biyu na sauka a kan ruwa sun sha sabon fenti. Shi ne na ƙarshe da Kyaftin ya sassaƙa tun idonsa yana iya bin layin fensir a jikin katako.

"Yaya, ina kwana."

"Ajiye jakar nan a kan tebur."

"Wace jaka?"

Tambayar banza ce. Jaka ɗaya ce tak rataye a wuyan Auta, baƙa, mai faɗi, ta kwanta a kan tumbinsa kamar ta kwandasta. Mutum ne mai furfura a gemu, 'ya'yansa har sun fara aurarwa, amma a gaban yayansa har yau muryarsa sirancewa take yi.

"Ajiye, na ce."

Ya ajiye.

"Mene ne a ciki?"

"Fulas ɗin shayi ne, Yaya."

"Madalla. Zuba mini."

Auta ya dubi jakar. Jakar ma kamar ta dube shi. Ya ja zif a hankali, ya fito da abin da ke ciki ya ɗora kusa da rimot ɗin Kyaftin. Rimot ne shi ma, an naɗe eriyarsa da baƙin tef don kada ta leƙo.

Kyaftin ya juyo da dukan fuskarsa, yadda yake yi kwanakin nan in zai kalli abu. Ya daɗe yana kallo.

"Shayin naka da batir yake aiki."

"Yaya, bari in yi maka..."

"A'a, ni zan yi maka bayani, ai ni ne babba, ko shi ma an karɓe? Asabar ɗin waccan ina cikin sauko da Zalɓe atishawa ta kama ni. Hannuna ya fizgi sandar rimot har ƙarshe. Jirgin da ya kamata ya kifa ya sha ruwa, ko gezau bai yi ba. Na ce to, sa'a ce. Na zo gida na kasa cin abinci. Asabar da ta wuce, da na juyo da shi zai sauka, sai na ɗauke hannuna gaba ɗaya. Na saki sandunan nan biyu. Na kama susar gemuna."



"Ya sauko," in ji Kyaftin. "Ya sauko a hankali, ya taɓa ruwa kamar mai tsoron ya tashe shi daga barci. Tun da nake ban taɓa sauka mai kyau irin wannan ba. Aka yi ta tafi. Malamin Lissafi har da dafa kafaɗata, wai 'Kyaftin, hannun nan naka baiwa ce.' Hannun nawa kuwa yana cikin gemu."

"Ban gani ba..."

"Ina za ka gani? Ni na koya maka kada ka ɗauke ido daga jirgi ko da kunama ce ta hau ka. Ka riƙe karatu, Allah ya yi maka albarka."

Garin katako kawai ke yawo a cikin hasken taga.

"Yaya ake yi?" in ji Kyaftin. "Ni katako na sani. Kai ne mai gyaran rediyo. Faɗa mini yadda aka mayar da ni ɗan tsana."

Auta ya nuna rimot ɗin yayansa da yatsa.

"Rimot ɗinka ba da jirgin yake magana ba. Da nawa yake magana, nawa ya isar da saƙo. Akwai wani maɓalli a nan. Muddin ina danne da shi, kai kake tuƙi. In na saki, jirgin ya dawo hannuna."

"Abin da ake yi wa 'yan koyo."

"Eh."

"Abin da na ce ba za a taɓa yi a bakin ruwana ba, wanda zai koya ya fasa jirgi ya koya."

"Eh, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan marigayi Shamuwa."

Haka suke kiran duk jirgin da ya fashe, marigayi. Shamuwa kuwa da tsakar rana Kyaftin ya soka shi a ruwa, ya ce iska ce, alhali ko ganye ba ya motsi a ranar.

"Wato duk tsawon lokacin nan ba ni nake..."

"Wallahi tashi naka ne! Ban taɓa karɓar tashi ba. Yawon ma naka ne. Sauka ce kawai."

"Sauka kawai."

"Da... kwana, wani lokaci."

"Wani lokaci."

"In ya yi nisa."

Kyaftin ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko haƙoransa ba.

"To me ya rage mini? Kunna wuta? Su wa suka sani?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"Malamin Lissafi?"

"Ya sani."

"Mai Kemis?"

"Shi ya ba ni jakar."

"Mai kwale-kwale?"

"Shi ba wanda ya gaya masa. Da kansa ya tare ni, ya ce shi dai bai taɓa ganin mutum ya tsufa sannan saukarsa ta gyaru ba."

"Kowa dai. Kowa ya sani sai mai jirgi. Ina gaba ina murza sanduna ina taune leɓe, kai kana bayana hannu biyu cikin jaka kamar ɓarawon gyaɗa, su kuma suna jiran lokacin tafi." Ya dafa teburin da hannu biyu. "Saura ɗaya. Wa ya gaya maka zancen idona? Daga ni sai likita muka san wannan."

"Ni ce."

Matar Kyaftin ce, tsaye a ƙofar da ta haɗa shagon da cikin gida, hularsa ta rana a hannunta. Ta jima a wurin. Auta ya ganta tun shigowarta. Kyaftin bai ganta ba, duk da ba ta fi taku kaɗan daga kafaɗarsa ba, sai da ya juya jikinsa gaba ɗaya.

"Ke?"

"Ni. Ka ga yanzu ma. Ina tsaye a gefenka ba ka san da ni ba."

"Wa ya gaya miki?"

"Ƙofar ɗakinka ce ta gaya mini, da kafaɗarka ke dukanta safe da yamma. Da ranar da ina zaune kusa da kai ka ɗaga murya kana ƙwala mini kira har maƙwabta suka ji. Da maganin ɗigawa da kake ɓoyewa cikin gwangwanin ƙusoshi. Kana tsammani ban san hawan jinin ido ba? Shi ya cinye idon babata. Gefe yake fara ci, ya bar mutum yana leƙen duniya ta cikin bututu."

"Shi ne kika kai ƙarata wurin ƙanena."

"Na kai. Da ka fasa Shamuwa kwanaki ka yi ba ka ce wa kowa uffan ba. Ka zauna a kujerar can kana kallon bango, abinci ya huce a ɗauke, a kawo wani ya huce. Na ce wa Auta, in aka raba mutumin nan da bakin ruwa, to a fara yi mini ta'aziyya. Ka yi duk abin da za ka yi. Laifi in akwai, nawa ne."

"A'a, Anti, ni na..."

"Yi mini shiru, Auta, kai ma da jakarka kamar mai tallan magani. Na ce maka ka riƙa bari yana ɗan taɓa ruwa da ƙarfi lokaci-lokaci. Ka ƙi. Kullum sauka kamar ta talabijin."

Gaskiyarta. Abin da Auta bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne daɗin da yake ji. Duk tsawon rayuwarsa shi ne mai riƙe wutsiyar jirgi, mai ɗauko batir, mai shiga ruwa har gwiwa. Tafin nan, ko da sunan wani ake yinsa, a cikin jakarsa yake sauka.

Kyaftin ya karɓi hular daga hannun matarsa ya sa. Bai dube ta ba.

"Auta. Raba su."

"Yaya?"

"Raba rimot ɗinka da jirgina. Ka mayar da Zalɓe ya ji maganata ni kaɗai. Yanzu, a gabana."

"Don Allah ka bari mu zauna mu..."

"Na roƙe ka ne?"

Auta ya buɗe cikin jirgin. Aikin bai da yawa, danna nan, kashe can, 'yar fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf ta tsaya. Kyaftin ya murza sandarsa, wutsiyar Zalɓe ta amsa. Ya murza ta Auta, ko motsi. Ya ɗauki rimot ɗin ƙanensa ya jefa a durowa, ya murɗa makulli, ya sa a aljihu.

"Yau zan tashi Zalɓe ni kaɗai, in sauke shi ni kaɗai. In na sauke shi lafiya, kada in sake ganin ƙafarka a bakin ruwan nan. In na kasa, ni ne ba za a sake gani ba. Sai ka gaji tafin da sunanka."

Auta ya juya maganar ta kowane gefe bai ga inda zai tsaya ba. Ko Zalɓe ya sauka ko ya fashe, Asabar ɗinsu ta ƙare ke nan. Kuma ban da Asabar, shi da yayansa ba su da wata hira. Ba su iya ba. Ko a ranar da suka binne mahaifinsu, zancen farfela suka yi a hanyar dawowa.

"Yaya, ka ji abu ɗaya. In wani abu ya faru a sama, ba zan iya karɓa ba. Rimot ɗinka na bahago ne. Ni na juya maka sandunan da hannuna, ta ba da wuta a inda nake da ta ɗaga hanci, ta hanci a inda nake da ta wuta. Ka tuna abin da na yi wa marigayi Balbela ranar da na gwada."

"Na tuna. Har yau fiffikensa na kan bishiya."

"To ka gani."

"Wa ya ce ka karɓa? Ɗauko makullin mota."

Matar ta bi su har bakin titi. Auta ta kama wa hannun riga.

"Ka dawo mini da shi yadda ka ɗauke shi."

"Jirgin?"

"Uwar jirgin. Mijina."

*

Ruwan dam ɗin kwance yake kamar faranti. Daga dama dogon bangon siminti, daga hagu ciyayi da kwale-kwalen mutumin da ke tsamo musu gawar jirage. Malamin Lissafi da Mai Kemis sun riga su zuwa, suna haɗa nasu a ƙarƙashin bishiya.

"Kyaftin na ruwa da sama!" in ji Mai Kemis. "Yau wace irin sauka za a nuna mana?"

"Masu tafi, har kun iso? Ku shafa mai a hannu, kada ya tsage."

Mai Kemis ya dubi Auta. Ya dubi tumbin Auta, inda jaka ta saba kwanciya. Murmushinsa ya zame a hankali.

"Ina... shayin?"

"Ya ƙare," in ji Kyaftin. "Malam, kai da ka ce hannuna baiwa ce, matso kusa. Yau za ka ga baiwar tsirara."

Malamin Lissafi ya cire tabarau ya hau goge shi da gefen riga, abin da yake yi ke nan duk lokacin da amsa ta ƙi fitowa.

Auta ya naɗe wando ya shiga ruwa ya ɗora Zalɓe, ya juya hancinsa ya fuskanci 'yar iskar da ke akwai. Da ya fito ya rasa inda zai sa hannayensa. Ya sa a aljihu, ya fitar. Ya harɗe su a ƙirji, ya kwance. A ƙarshe ya bar su suna lilo kamar na aro.

Kyaftin ya ba Zalɓe wuta.

Farfela ta ɗauka. Zalɓe ya tsaga ruwa, ya ɗaga ƙirji, ya hau kan takalmansa yana gudu, fararen layuka biyu na binsa a baya. Sai ya rabu da ruwan a hankali, ɗigo na zuba daga ƙafafunsa yana ƙyalli. Ba wanda ya yi tafi. Ba wanda ya isa. Amma Auta ya san wannan tashin ba wanda zai iya shi a bakin ruwan nan, har shi.

"Ka gani?" in ji Kyaftin, bai juyo ba.

"Na gani, Yaya."

Zagaye na farko lafiya. Na biyu ma, sai dai ya fi faɗi. A na uku Zalɓe ya yi nisa, ya ƙanƙance, ya shiga gaban wani gajimare mai launinsa sak. Auta ya ji babban yatsansa yana neman maɓallin da ke kulle a durowa.

Jirgin ya fito ta dama.

Kan Kyaftin ya tafi hagu.

Da farko Auta bai gane ba. Ya ga dai Zalɓe ya karkata, ya miƙe, ya sake karkata kamar mashayi, ya doshi wajen bango. Sai da ya yi abin da aka hana shi tun yana saurayi, ya ɗauke ido daga jirgi ya dubi yayansa, sannan ya ga inda fuskar take kallo. Can sama da ciyayi, wani abu ne mai buɗaɗɗun fuka-fuki yake shawagi abinsa, hankali kwance.

"Ba ya jin hannuna," in ji Kyaftin. Ya murza sanda da ƙarfi. Can dama Zalɓe ya kwanta a kan fiffike ɗaya. "Ba ya ji! Auta, me ka taɓa? Akwai wani rimot ɗin ko? Wa ke riƙe da shi? Mai Kemis, fito da hannunka!"

"Ga hannayena, Kyaftin, wallahi ga su!"

"Na ce ya yi kwana ya ƙi! Munafukai, ku sakar mini jirgina!"

"Yaya."

"Ku sake shi!"

"Yaya, wannan shirwa ce."

Kamar ta ji ana zancenta, shirwar ta kaɗa fuka-fuki sau biyu ta yi gaba.

Auta bai taɓa ganin fuskar yayansa haka ba. Ba fushi, ba girman kai, ba komai, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. Kan ya shiga juyawa, hagu, dama, sama, yana laluben sararin Allah ta cikin ɗan bututun da ya rage masa. Mai kwale-kwale ya riga ya miƙe tsaye yana kwance igiya.

"Auta." Muryar ta yi ƙasa, ba wanda ya ji sai shi. "Ina yake?"

"Dama, wajen bango. Yana sauka."

"Ban gan shi ba."

"Sama da inda ruwa ke zuba..."

"Ban gan shi ba, Auta." Sai ya yi abin da bai taɓa yi wa wani mahaluki ba, ya tura rimot ɗin a ƙirjin ƙanensa. "Karɓa. Karɓa, ka ci."

Auta ya ji sandunan a ƙarƙashin yatsunsa, kowace a gidan 'yar'uwarta. Ya san abin da zai faru. Zai nemi ɗaga hanci ya kashe wuta, ya nemi wuta ya soka hanci a siminti. Kuma ko da ya yi sa'a ya sauke shi, Kyaftin ya riga ya faɗi abin da zai biyo baya: kujera, bango, abinci na hucewa.

Ya mayar da rimot ɗin cikin hannayen yayansa, ya danne yatsun a kan sanduna.

"Riƙe abinka."

"Ba na gani!"

"Na sani! Kowa ya sani! Riƙe!"

Ya zagaya bayansa, inda ya saba tsayawa. Babu jaka yau. Ya ɗaga hannayen nan biyu da suka rasa aikin yi tun safe, ya kama kan yayansa, kan da ko da wasa bai taɓa taɓawa ba, hular ta faɗi ta gangara cikin ruwa. Ya juya shi da ƙarfi ya saita shi da bangon.

"Can. Miƙe idonka. Ka gan shi?"

Numfashi ɗaya. Biyu.

"Wani abu... toka-toka. Ya ɓace. Ya dawo."

"Shi ne. Ni zan riƙe maka shi, kai ka tuƙa. Hannu naka, ido nawa. Amma abin da na ce shi za ka yi, ba musu, ba 'ni ne babba'. Ka ji ni?"

Malamin Lissafi ya daina goge tabarau. Mai Kemis ya ɗora hannu biyu a ka. A cikin tafukansa Auta yana jin jijiyar kan yayansa tana bugawa, yana jin zufa na bin yatsunsa.

"Yaya! Ka ji ni?"

"Ina jinka," in ji Kyaftin. "Faɗa."

Tsakanin hancin Zalɓe da simintin, abin da ya rage bai fi tsawon igiyar shanya ba.